DARASIN NOMA: GARKA TA YI YAWA, ƘARFI YA RAGU

Darasin wannan wata ya ɗauki misali da wani dattijo na wajen Bacirawa, a Ƙaramar Hukumar Ungogo. Shekarunsa sun haura 65. Yana da garka babba a jikin gidansa, da rijiya a cikinta. Gadon mahaifinsa ce. Ya fi shekara 40 yana nomanta, rani da damina. Da ita ya aurar da 'ya'yansa. Da ita ya yi wa gidansa rufin kwano.

Da rani ya kama, ya dasa tumatir da albasa da latas, fangali 40, kamar yadda ya saba. Ba a yi wata biyu ba sai bayansa ya riƙe. Ya yi kwana 9 a kwance. 'Ya'yansa maza suna birni, ɗaya yana tuƙin adaidaita sahu, ɗaya yana tsaron shago. Jikoki suna makaranta. Kafin ya miƙe, rabin shukar ya ƙone. Awaki sun fasa shinge sun cinye latas.

Cikin masu zuwa dubiya har da dillalin filaye. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ka huta haka nan. Garkar nan za ta yi fuloti huɗu. Ina da mai saye a hannu."

Dattijo bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma ya kwana yana juyi.

YADDA ƘASAR TAKE A DA

Ƙasar Ungogo ta daɗe da suna wajen noma. A shekarar 1965 wani Bature malamin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Maikel Motimo, shi da abokin aikinsa suka fitar da rahoto kan mutane da gonakin wannan ƙasa. Abin da ya ja hankalin masana shi ne, jama'a ta yi yawa, gonaki ƙanana ne, kuma kusan kowace gona ana nomanta kowace shekara ba hutu. Duk da haka ƙasa ba ta mutu ba. Dalili shi ne taki. Da rani jakuna sukan shiga birni da itace, su fito da mangalar taki da shara. Ana barin itatuwa masu amfani a gona, irin su ɗorawa da kuka da gawo. Ana kiwon awaki da tumaki a gida, a kwashe kashinsu a kai gona.

Amma wannan noma yana cin hannu da yawa. A wancan zamani akwai gandu. Uba da 'ya'yansa maza suna aiki tare. Idan uba ya tsufa, sai ya koma nuni da sanda, samari su yi aikin ƙarfi.

Yau abin ya sake. Gine-ginen birnin Kano sun cinye yawancin gonakin Bacirawa. Samari sun kama sana'o'in birni. Garkar da hannu biyar ke yi a da, yanzu ta rage wa mutum ɗaya, kuma shi ɗin ya manyanta. Wannan hali bai tsaya a Bacirawa ba. Duk ƙauyen da ke kusa da babban gari ya san shi.

A FARA DA LISSAFI

Da dattijon ya ji sauƙi, malamin gona ya ziyarce shi. Suka zauna a gindin mangwaro.

Malamin ya ce, "Baba, guga nawa kowane fangali yake sha a rana?"

Ya ce, "Da zafin nan, guga biyu."

"Gugan naka yana cin kamar lita 10. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Fangali 40 sau guga 2, guga 80 ke nan. Wato lita 800, kilo 800. Baba, kullum kana jawo nauyin buhun gero 8 daga rijiya, sannan ka ɗauka ka kai har ƙarshen garka."

Dattijo ya riƙe baki. Ya ce, "Ɗana, ashe ba sammu aka yi mini ba."

Wannan lissafi kowa zai iya yinsa. A sami littafi da fensir. A rubuta sunan kowace shuka. A gabanta a rubuta ruwan da take sha, da yawan ciran ciyawa da feshin da take bukata, da kuɗin da ta kawo bara bayan an cire na iri da na taki. Wanda ya yi haka tsakani da Allah yakan ga abin mamaki. Sau da yawa shukar da ta fi cin ƙarfi ba ita ta fi kawo riba ba.

Tumatir babban misali ne. Yana son ruwa kullum. Yana son feshi. Idan ya nuna ba ya jira. Ranar da kowa ya kai nasa kasuwar 'Yankaba, farashi ya faɗi. Ga kuma annoba. A shekarar 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har wasu manoman Kadawa suka tashi ba ko kwando. Saurayi yana iya jure irin wannan asara ya sake lale. Dattijo ba shi da wannan sarari. Fangali biyu ko uku na miyar gida sun ishe shi.

A RABA GARKA UKU

Shawarar da ta fi amfani ita ce a daina kallon garka a matsayin fili guda. A raba ta uku, gwargwadon nisanta da rijiya.

Kashi na farko shi ne na bakin rijiya. Nan ne wurin dattijo. Kada ya wuce abin da zai iya shayarwa cikin awa ɗaya ba tare da haki ba. Ga wani fangali 10 ne, ga wani 6. Nan za a sa abin da ake tsinka kullum: alayyafo, rama, yakuwa, kuɓewa, albasa, ɗan tattasai da attaruhu. Duk takin da ya fi kyau a zuba shi nan. Ƙaramin wuri da ya ƙoshi da taki da ruwa ya fi babban wuri mai yunwa bayarwa.

Faɗin fangali kada ya wuce kamu biyu. Ta haka mutum zai zauna a kan kujera 'yar tsugunno a gefe, hannunsa ya kai tsakiya. A bar hanya mai faɗi tsakani, yadda baro zai wuce, kuma ƙafa ba za ta harɗe ba.

Kashi na biyu shi ne na tsakiya. Wannan a mayar da shi na itatuwa da shukar da ba a sake dasawa kowace shekara. A nan ya kamata a tsaya a yi bayani sosai, domin nan ne hutun tsufa yake.

Zogale ne kan gaba. Ana shuka irinsa, ko a kafa reshensa da damina. Cikin wata 3 an fara tsinkar ganye. Kuskuren da ake yi shi ne a bar shi ya yi tsawo, sai an sa ƙugiya ko an hau. A riƙa sare kansa daidai ƙirji. Zai yi rassa da yawa, ganye ya ƙaru, a tsinka ana tsaye a ƙasa. Ɗanyensa yana da kasuwa wurin masu kwaɗo. Wanda ya rage a shanya a inuwa, don rana tana rage masa amfani. Busasshen zogale yana jira, ba kamar tumatir ba.

Kuka ma ana iya yi mata haka. Masu lambu a ƙasar Mali da Nijar suna shuka 'ya'yan kuka a fangali, su hana ta girma, su riƙa tsinkar ganyenta kamar alayyafo. Kafin shuka ana jiƙa 'ya'yan cikin ruwan zafi su kwana, saboda ɓawonsu yana da tauri. Mai irin wannan kuka ba ya bukatar yaron da zai hau masa itace.

Gwanda takan fara 'ya'ya cikin shekara guda. Gwaba da lemon tsami ba su da yawan fitina idan sun kafu. Mangwaro mai aure yakan fara bayarwa a shekara 3 zuwa 4. Na ƙwallo ya fi haka daɗewa, kuma yakan yi girman da zai rufe garka da inuwa, don haka a sa shi can gefe. Lalle yana yin shinge, kuma mata suna sayen ganyensa. A tsakanin itatuwan, kafin su yi inuwa, a sa rogo ko dankali ko kabewa. Ganyen dankali da na kabewa yana rufe ƙasa, ciyawa ta rasa wurin fitowa.

Wani zai ce, "Ni da na kai 65, wa zan dasa wa mangwaro?" Ai wanda yake zaune a inuwarsa ma wani ne ya dasa. Kuma shekara 4 ba ta da nisa.

Abu ɗaya dai: kada a jira sai ƙarfi ya ƙare. Haƙa rami da shayar da dashe a shekarar farko aiki ne. Mai shekara 55 da ya fara yanzu ya fi mai 70 samun sauƙi. Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna, wajen watan Yuli, don ruwan sama ya ɗauke rabin wahalar.

Kashi na uku shi ne na can ƙurya, mai nisa da ruwa. Wannan ko dai a bar shi ga noman damina kawai, a sa wake da gyaɗa, a samu abinci da harawa, ko kuwa a ba wani ya noma. Za a zo kan wannan a gaba.

RAGE WAHALAR RUWA

Hanya mafi arha ita ce rufe ƙasa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi a kan fangali, kaurin yatsa uku. Rana ba za ta bugi ƙasa kai tsaye ba, laima za ta daɗe, ciyawa za ta ragu. Kada abin rufin ya taɓa jikin shuka, saboda gara. A riƙa ɗagawa ana dubawa.

Ga dashen itace, akwai dabarar tulu. A sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da siminti ko fenti ba. A binne shi kusa da dashe har wuya. A cika shi da ruwa, a rufe bakinsa don sauro. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali zuwa saiwa. Maimakon shayarwa kullum, sai a riƙa ƙara ruwa bayan 'yan kwanaki.

Akwai kuma ban-ruwa na ɗigo. Ana ɗora bokiti ko duro a kan abin da ya kai tsayin ƙugu ko ya fi, a haɗa masa siririn tiyo mai ƙananan huji, a shimfiɗa a bin layin shuka. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki a kan irin wannan don ƙananan masu lambu. Aibinsa shi ne hujin yana toshewa, sai an riƙa tace ruwan da ƙyalle.

Game da inji kuwa, tun daga shirin Fadama na farko da aka fara a 1993 ƙananan injinan fetur suka yawaita, jigo ya ja baya. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin fetur ya hau, masu lambu da dama suka koma ga inji mai aiki da hasken rana. Sayensa yana da tsada, amma ba ya shan mai. Idan 'ya'ya suna tambayar abin da za su yi wa mahaifinsu, wannan ya fi sabuwar babbar riga amfani. Sai dai a fara tambayar masana ko rijiyar za ta iya ɗauka, don inji yana iya ƙafar da ƙaramar rijiya.

Ita kanta rijiyar a ɗaga bakinta da bulo zuwa ƙugu, a yi mata murfi. Bakin rijiya yana da santsi, kuma jiri ba ya sallama. Wannan kariya ce ga kaka da jika baki ɗaya.

JIKI MA KAYAN AIKI NE

Fartanya mai gajeriyar ƙota tana sa mutum ya yini a duƙe. Manoman Maradi da Damagaram da yawa suna noma da hauyar tsaye mai doguwar ƙota, suna tura ta gaba ba tare da sun sunkuya ba. Tana aiki sosai a ƙasa mai yashi, irin jigawar arewacin Kano. Maƙeri zai iya ƙera ta idan an kwatanta masa. Ko ita fartanyar, a sa a ƙara mata tsawon ƙota. Kuma a riƙa wasa ta. Dakusasshen ƙarfe ƙarfin mai shi yake ci.

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a Kano yakan haura digiri 40. Aikin dattijo a wannan lokaci daga bayan asuba ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Likitoci sun tabbatar cewa tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, ko da jikinsa ya bushe. Don haka a ajiye ruwan sha a inuwa, a riƙa sha ko ba a ji ƙishi ba. A sa malafa. Wanda ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi masa wuya, ya ajiye aiki nan take, a kai shi asibiti. Mai hawan jini kada ya bar maganinsa don ya ga yana jin ƙarfi.

Idan za a ɗaga kaya, a durƙusa a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan jikin ƙirji, sannan a miƙe. Rabin guga sau biyu ya fi cikakken guga sau ɗaya. Jarka mai lita 25 aikin baro ce.

Takalmi dole ne. Sharar birni ta yau ba irin ta 1965 ba ce. Akwai leda da fasasshiyar kwalba da batir da allura a ciki. Ƙaramin rauni da ƙasa ta shiga yana iya kawo ciwon sarƙewar haƙora, kuma ga mai ciwon suga gyambon ƙafa yana wuyar warkewa. Gara a haƙa ramin taki kusa da turken dabbobi, a riƙa tara kashinsu da toka da ganye. Ya fi tsabta, ya fi kusa.

Feshin maganin ƙwari kuwa a bar wa wanda ya koya, mai iya karanta abin da ke jikin kwalba. A kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinki ganye.

Wannan duka ya shafi iyaye mata. Tsofaffi mata da yawa su ke riƙe da zogale da rama da yakuwar cikin gida, da su suke samun na goro da na sabulu. Idan ana raba garka, a ware wa uwar gida nata wuri kusa da ruwa.

BA DA ARO, AMMA A RUBUTA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kashi na uku na garka yana iya zama hanyar samun mataimaki. Akwai matasa da ke son noma amma ba su da fili. Ana iya ba ɗaya daga cikinsu haya, ko a yi noma-mu-raba, ko a ba shi aro bisa sharaɗin zai riƙa cika duro kowace safiya, ya kuma gyara shinge. Wannan na ƙarshe ya fi dacewa da dattijo, domin abin da ya rasa ƙarfi ne.

To amma a nan ne rigima take kwana. Aron da aka yi da baki, bayan shekara 10 sai a ji ana cewa kyauta ce. Wanda ya dasa itace a filin aro, wata rana zai ce itacen nasa ne. Idan mai garka ya rasu, magada maza da mata duk suna da haƙƙi a cikinta, har da waɗanda ke aure a nesa. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da takarda guda za ta iya kashewa.

Saboda haka a rubuta, ko da ɗan cikin mutum ne. Ga yadda za a iya tsara ta:

"Ni wane ɗan wane, na ba wane aron gefen garkata na gabas, daga gindin gwaba zuwa shinge, na tsawon shekara 2. Aro ne, ba kyauta ba, ba sayarwa ba. Zai cika mini duro 2 kowace safiya. Ba zai dasa itace ba sai da iznina. Duk itacen da ke ciki na mai garka ne."

A sa kwanan wata. Su biyun su sa hannu, da shaidu biyu, a gaban mai unguwa. Kowa ya riƙe kwafi ɗaya. A sanar da sauran 'ya'ya tun kafin a sa hannu.

MAGANAR DILLALI

Sayar da fili ba haramun ba ne, kuma akwai larurar da ke sa dole. Amma kada ciwon baya na kwana 9 ya yanke wa mutum shawarar da ba a warware ta. Kuɗin fuloti yana da masu jiransa da yawa, kuma kullum darajar naira raguwa take yi. Wanda ya sayar da garka zai koma sayen alayyafo da kuɓewa har ƙarshen ransa. Barinta kango ma hatsari ne. Filin da ba a taɓawa a bakin gari yakan zama juji, maƙwabta su riƙa matso da iyaka.

Shi dattijon Bacirawa ya tara 'ya'yansa ranar Juma'a bayan an sauko. Ya nuna musu lissafin buhu 8. Babban ya ɗauki nauyin ɗaga bakin rijiya da sayen duro biyu. Ƙaramin ya kawo dashen gwaba da mangwaro mai aure. Ƙuryar garka aka ba ɗan maƙwabci aron shekara 2, da takarda. Fangali 40 suka koma 8.

Da dillali ya dawo, ya tarar da shi zaune a kan 'yar tsugunno yana tsinkar rama. Ya ce, "Baba, ina muka kwana?"

Dattijo ya ce, "Malam, ka dawo idan mangwaron can ya yi 'ya'ya, in ba ka ka kai wa yara."

AIKIN AJI

1. Mai lambu yana da fangali 25. Kowane yana shan guga 2 mai lita 10. Kilo nawa na ruwa yake ɗauka a rana? Idan ya rage zuwa fangali 8, kilo nawa ya huta?

2. Kowane ɗalibi ya zana garkar gidansu. Ya nuna rijiya, ya raba garkar uku, ya rubuta abin da zai sa a kowane kashi.

3. Ɗalibai su zauna biyu-biyu, ɗaya mai garka, ɗaya mai aro. Su rubuta takardar aro, su karanta wa aji.